Ruwa bai san kat-kat ba



Damina ta sauka, Allah shi ba mu mai albarka. Manomi na murna, makiyayi na murna, mu ma haka. Amma akwai wata magana da ke ci mana tuwo a ƙwarya duk shekara in Yuli ya kama, kuma yau sai mun faɗe ta ko da za ta ɓata ma wasu rai. Maganar masu manyan motoci ce, su Land Cruiser, Prado, Hilux da V8, waɗanda muke ce ma kat-kat, da irin tuƙin da ake yi da su in ruwa ya zuba. Mutum ya hau mota mai tsawo, ya ji injin na gurnani ƙarƙashinshi, shi ke nan sai ya ɗauka dokar damina ta ƙananan motoci ce. To ba haka ba ne, kuma wannan zaton yana kashe mutane.

Bara, ranar wata kasuwa a arewacin Maradi, munka taras ƙorama ta kawo. Motoci sun kai goma a jere, ga amalanku, ga ƴan kabu-kabu, kowa ya nemi gindin icce ya zauna. Tsofaffin garin sunka ce a dakata, in Allah ya so ruwan zai janye kafin rana ta faɗi. Sai ga wata farar kat-kat mai baƙin gilashi ta ratso layi. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce ma direban: "Yaro, dakata. Ruwan nan da ƙarfi yake, kuma ya ci gefen radiye." Direban ya waiga ya dubi wanda ke zaune baya. Ba mu ji abin da anka ce mishi ba, mun dai ga ya sa giya ya shiga. Motar ba ta kai tsakiya ba injin ya mutu, gindinta ya fara juyawa yana bin ruwa. Da igiyoyin shanu samarin garin sunka fiddo mutum huɗu ta taga. Mu da munka jira, wajen ƙarfe biyar munka ƙetare lami lafiya cikin wata tsohuwar Hiace da ko gilashin baya ba ta da. Mun bar mai gaggawa zaune bakin ƙorama, babbar riga sharkaf, yana ɗaga salula sama yana neman rezo.

Ranar dai Allah ya tsare, ba a yi rashi ba. Amma duk mun tuna daminar 2024. A watan Agusta na wannan shekara, a jihar Tawa, ruwan ƙorama ya tafi da motoci ɗauke da ƴan kasuwa, gomman mutane sunka rasu, Allah shi jiƙan su. A cikin watan nan ne ruwa ya yanke babbar hanya a mashigar Yamai, manyan motoci sunka yi kwanaki a jere suna jira. Ruwan da ya tsayar da tirela mai ƙafa goma sha, mi zai ji tsoro ga Prado?

Bari mu fara da abin da mutane da yawa ba su gane ba game da motar kanta. Aikin kat-kat shi ne ta raba ƙarfin injin ga ƙafafu huɗu maimakon biyu. Wannan yana taimaka mata ta tashi cikin rairayi, ta fita daga taɓo, ta hau tudu. Iyakar abin da ta fi sauran motoci ke nan. In an zo maganar tsayawa, kowace mota da ƙafa huɗu take birki, har Starlet ɗin taksi da ke yawo cikin Yamai. Ranar da jaki ya faɗo maka bisa hanya cikin ruwan sama, V8 ɗinka ba ta da wani birki na biyar. Abin da ta fi Starlet shi ne nauyi, fiye da tan 2 da rabi, kuma nauyin nan in ya ƙwace, ɓarnarshi ta fi yawa.

Akwai ma wata yaudara da kat-kat ke yi ma mai tuƙinta. Ƙaramar mota in hanya ta yi santsi, da ka ba ta wuta sai ka ji taya na juyawa a banza, sai jikinka ya ba ka, ka rage gudu. Kat-kat ba ta yi maka wannan gargaɗi. Tana tafiya sumul kamar hanya busasshiya, har ka kai 110 ba ka san kana bisa sabulu ba. Sai ka zo kwana ko ka taka birki sannan za ka ji labari, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe.

Ku ɗauki biro ku yi lissafin da kanku. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Kafin idonka ya ga haɗari, ƙafarka ta bar wuta ta kai bisa birki, daƙiƙa guda ta wuce, wato mita 25 sun tafi ba ka ma fara tsayawa ba. Kuma nisan birki ba ya tafiya daidai da gudu: in ka ninka gudu sau 2, nisan birkin ya ninka sau 4. Wanda ke 80 yana buƙatar fili ninki huɗu na wanda ke 40. Bisa kwalta jiƙaƙƙiya kuma sai ka ƙara ninka shi, don tana iya cin ninki biyu na busasshiya. Shi ya sa masu koyar da tuƙi ke cewa a bar tazarar daƙiƙa 2 tsakaninka da motar gabanka in hanya a bushe take, daƙiƙa 4 in da ruwa. Mu kuwa mi muke gani tsakanin Ƙwanni da Madawa, ko tsakanin Tasawa da Takeita? Kat-kat ta manne ma gindin bas, fitila na walƙiya, feshin ruwa ya rufe gilashi, direba na leƙe yana neman wucewa a inda ba ya ganin mita hamsin gabanshi.

Duk girman motar nan, abin da ke haɗa ta da ƙasa wuri huɗu ne, kowane bai fi tafin hannu da yawa ba. Zanen da ke jikin taya aikinshi korar ruwa ne don roba ta taɓa kwalta. In gudu ya yi yawa, ko ruwan ya taru, ko zanen ya suɗe, taya ba ta samun sukunin korar ruwan, sai ta hau bisanshi tana sulɓi. A wannan lokacin sitiyari ya zama abin wasa a hannunka, birki ma haka. Wuraren da manyan motoci sunka lotsa kwalta bisa RN1, waɗannan dogayen kwarin biyu da ruwa ke kwanciya ciki, su ne tarkon. In ka ji sitiyari ya yi sakayau, kada ka daka birki, kada ka fizgi sitiyari. Ɗaga ƙafarka daga wuta a hankali, riƙe motar miƙe, har taya ta sake kama ƙasa. Kuma wanda motarshi ke da na'urar nan mai riƙe gudu da kanta, ya kashe ta da zaran ruwa ya fara. Ruwan farko bayan kwanaki ba a yi ba ya fi kowane santsi, don yana kwaɓa ƙura da man da motoci sunka zubar.

Ga abin takaici: mutum zai sayi mota ta miliyoyin kuɗɗi, ya sa mata labule da turare da baƙin gilashi, amma in an zo ga taya sai ya aiki yaro ya nemo mishi okaziyo mai araha, wadda anka gama ci a Turai anka jefar. A can dokarsu ta ce zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1,6. Cikin kwarin zanen akwai wasu ƴan ƙananan tudu da kamfani ya sa. In sun zo daidai da fuskar tayar, ta ƙare, ko da ba ta taɓa faci ba. A gefen taya kuma akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar da anka yi ta: 2318 na nufin sati na 23 na shekarar 2018. Roba tana tsufa, zafin ƙasarmu kuma yana ƙara busar da ita. Duba waɗannan ba ya cin minti biyar. Haka robar share gilashi da rani ya ƙone, haka fitilun baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu sa manyan tayoyin taɓo masu haƙora don ado su ma su sani, waɗannan a laka suke da amfani, bisa kwalta jiƙaƙƙiya riƙonsu bai kai na tayar hanya ba.

Sai maganar tsawo. Abin da ke sa kat-kat ta tsallake kututture shi ne ke sa ta saurin kifewa, don nauyinta a sama yake. Ƙaramar mota in ta sulɓe sau da yawa juyawa take yi ta tsaya. Kat-kat in ta sulɓe a gicciye, taya ta daki gefen hanya mai laushi, sai ta wuntsila. Mu kuma sai mun ƙara mata da buhuna da jarkoki bisa rufi. Masu Hilux da Land Cruiser na kasuwannin ƙauye kuwa, kaya har sama, mutane bisa kayan, ƙafafu na reto. Irin wannan mota in ta kife cikin taɓo ba a tambayar ko an ji rauni, sai dai a tambayi mutum nawa. In kuma bayan a wofi yake, ba kaya, gindin ba ya da nauyi, da ka ba ta wuta cikin kwana sai ya wulla gefe. Santir ɗin kujera da ake ɗaurawa don ganin jandarma a kwance da an wuce, a irin wannan rana ne yake raba mai rai da gawa.

Hanyar jan ƙasa kuwa wata duniya ce. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Dakoro, Mayahi, Keita, Buza ko Magarya bayan ruwa ya san latarit da laka in sun jiƙe sun fi kuɓewa yauƙi. Nan ne kat-kat ke da amfani na gaske, in mai ita ya san yadda ake aiki da ita. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: cikin masu waɗannan motoci, mutum nawa sunka san aikin ƙaramin sandan nan ko maɓallin da anka rubuta 2H, 4H, 4L? Hilux da tsofaffin Land Cruiser da ƙafa biyu na baya suke tafiya in suna 2H. Ana sa 4H kafin a shiga taɓo, ba bayan an kafe ba. 4L na wurin da ya yi tsanani ne, a tsaya cik a sa shi, a tafi a hankali kamar mai tafiya ƙasa. Wasu motocin sai an sauka an murɗa makullin da ke tsakiyar ƙafafun gaba zuwa inda anka rubuta LOCK, in ba haka ba ka sa 4H a banza. In an koma bisa kwalta mai riƙo a mayar da ita 2H, don irin waɗannan motoci in an bar su cikin kat-kat bisa hanya mai tauri ƙarafunan ƙasa na ɗaurewa, kwana ta yi wuya, a ƙarshe a kai ma makanike kuɗɗi. Prado da V8 su kullum da ƙafa huɗu suke ja, amma wannan bai ƙara musu birki ba, kamar yadda munka faɗa.

A cikin taɓo komai a hankali ake yi: wuta a hankali, sitiyari a hankali, a rage gudu da giya tun kafin kwana. In gindi ya fara sulɓewa, ɗaga ƙafa, dubi inda kake son zuwa, juya sitiyari can. Motar da ke da ABS, in tsayawar gaggawa ta kama, taka birkin da ƙarfi ka riƙe, kada rawar da yake yi ƙarƙashin ƙafarka ta ba ka tsoro, aikinshi ke nan. Wadda ba ta da shi, taka ka saki, taka ka saki, don in ƙafafu sunka ƙulle mota ba ta jin sitiyari.

Mu koma ga ƙorama, don nan ne girman kai ya fi cin rai. Ruwan da ya cika akwati mai mita guda tsawo, faɗi da zurfi, nauyinshi tan guda ne. Ka ƙiyasta tan nawa ke dukan gefen motarka in ƙorama na gudu. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60, wato sama da gwiwa kaɗan, yana tafiya da kat-kat. Masu cewa kamfani ya ce motarsu na shiga ruwan santimita 70, su sani ruwa kwance ake nufi, mai ƙasa mai tauri da aka sani. Bututun shan iska da ake ɗagawa gefen gilashi yana hana injin shaƙar ruwa ne kawai, ba ya hana mota yin iyo. Kuma jan ruwan damina ba ya nuna abin da ke ƙarƙashi: ko radiye na nan, ko ruwa ya cinye rabinshi tun da dare.

Kada kuma wani ya ce ai nan ba a yi ruwa ba. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya biyo ta Jibiya da yankin Madarunfa. Ana iya yin ruwa can, nan rana na haske, gulbi ya kawo. Haka ƙoramun Magiya da ke gangarowa daga duwatsun Adar, cikin ɗan lokaci suke cika, cikin awoyi kuma su janye. Dokar mai sauƙi ce. Ruwan da ba za ka iya ratsawa da ƙafa da sanda a hannu ba, kada ka sa mota ciki. Da dare kada ka shiga sam. In ruwan kaɗan ne kuma mutanen wurin sun ce a wuce, mota guda-guda, gilashi a sauke, ƙaramar giya, tafiya ɗaya ba canji a tsakiya. In an fita a ɗan tattaka birki ya bushe. In injin ya mutu cikin ruwa kada a sake tayar da shi, ruwan da ya shaƙa zai lanƙwasa ƙarafunan ciki. A fita tun ana iyawa, mota ana sayen wata.

Mun san abin da za a ce mana. Na farko: ƙaddara ce, wanda kwananshi ya ƙare ko bisa gado sai ya tafi. Mun yi imani da ƙaddara. Amma mai wannan magana da kanshi yana kulle shagonshi da kwaɗo biyu, yana sa mai gadi, yana zuwa likita in ciwo ya kama shi. Bai taɓa barin kuɗɗinshi a tasha ya ce ƙaddara ta tsare su ba. Sai in an zo ga ran mutane ne tawakkali ke zama taka wuta? Wanda dattijo ya ce ma dakata ya ƙi, ya shiga da ɗiyan mutane, ya nemi wani suna ya ba abin da ya yi.

Na biyu: laifin hanyoyi ne. Gaskiya ne hanyoyinmu da yawa sun lalace, kuma za mu zo kan hukuma. Amma ramin da ke hanya kowa ya san da shi, mai Hiace ya san da shi, mai amalanke ya san da shi. Mugunyar hanya dalili ce ta rage gudu. Wanda ya san hanya ba ta da kyau kuma ya yi 120 bisanta cikin ruwa, ya ba da shaida a kan kanshi.

Na uku: direbana gogagge ne, shekara ashirin yana hanyar Agadas. Madalla. Sanin rairayi daban, sanin laka daban. Kuma gogaggen direba na gaske shi ne wanda ke kashe mota bakin ƙorama ya nemi mai shayi. Sau da yawa ma direban ya san gaskiya, tsoro ne ke sa shi shiga. Nan za mu juyo gare ku, Alhaji, Hajiya, shugaban furoje, mai girma darakta, ku da ke zaune baya kuna duban agogo. Direba talaka ne mai iyali, in kunka ce "mu je" ba ya iya cewa a'a, don ya san akwai mutum goma masu farmi da ke jiran kujerarshi. Taron da kuke sauri dominshi a Damagaram ko Yamai, in kun makara za a jira ku ko a ɗage shi. Ku tashi da wuri, ku sa awoyin damina cikin lissafin tafiya, ku faɗa ma direba da bakinku cewa in ya ga hanya ba ta yi ba ya tsaya, ba abin da zai taɓa albashinshi. In ba ku faɗa ba, ranar da abin ya faru kada ku ɗora mishi laifi shi kaɗai.

A cikin gari ma haka. Titi ya cika da ruwa, mai tallar dafaffen masara na rakuɓe, ɗan kabu-kabu na lallaɓawa da mace da goyo, sai kat-kat ta keto ta watsa musu ruwan kwata tun daga kai har ƙafa, ko waigowa babu. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma haɗari ne, don ruwan nan yana ɓoye ramuka da magudanan da ba su da marfi, igiyar ruwan da ka tayar kuma tana iya kayar da mai babur. A bakin ƙauyuka, safe da maraice, hanya cike take da manoma da haukansu a kafaɗa, da yara, da amalanken da ba ya da ko fitila guda. Su ba su da ƙarfen da zai kare su.

Hukuma kuma tana da nata kaso. Muna biyan kuɗɗin hanya a kowane shinge. Sandar awo mai fenti ja da fari a bakin kowane radiye, wadda za ta nuna ma direba zurfin ruwa, nawa za ta ci? Shingen ruwan sama da ake sawa bisa hanyoyin jan ƙasa don kada a bi su suna jiƙe, a mayar da shi da gaske, kuma ya hau kan kowa. In shinge yana buɗewa ga mai baƙin gilashi yana rufewa ga mai Hiace, ba shinge ba ne. Jandarmomi da ke duba takardu su riƙa duba taya. ANISER da gidajen rediyon gari su yi wannan bayani da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu tun watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. Magadan gari su rufe magudanai. Masu makarantun tuƙi su daina ba mutum farmi bai taɓa jin yadda mota ke sulɓewa ba.

Ku da kuke fasinja, ku ma kuna da baki. In direba zai shiga ruwan da hankalinku bai kwanta da shi ba, ku ce ya tsaya ku sauka, ko da za a yi muku dariya. In haɗari ya faru, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Wanda ke da ɗan'uwa direba, ko maigida mai kat-kat, ya tura mishi wannan rubutu. Ku kuma faɗa mana a ƙasa ƙoramu da radiyen yankinku da sunka fi haɗari bana, don matafiya su sani tun kafin su taso. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi kai kowa gidanshi lafiya. Amin.